Rakiyar Zagaye Ɗaya

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur na koma wani dogon bene a unguwar Wangsa Maju, inda muke raba falo da kicin da wasu ɗalibai uku. Karatun digiri na uku ne ya kawo ni, a fannin ƙididdiga. Rayuwata ba ta wuce wurare uku ba: ɗakina, ɗakin karatu na jami'a, da masallaci. Tun ina yaro ban iya hira ba. Idan an taru ana shan shayi a falo, ni ne mai tashi in wanke kofuna, don wannan ya fi mini sauƙi a kan neman abin da zan ce.

A ƙofar da ke kallon tamu akwai wani saurayi ɗan Kano da na girme shi da kusan shekara goma. Yana karanta harkar kasuwanci a wata kwaleji mai zaman kanta, mahaifinsa kuma ɗan kasuwar shadda da atamfa ne. Shi irin mutanen nan ne da muryarsu ke riga su shiga ɗaki. Mai gadin bene ya san shi. Masu kawo shayi a shagon mamak na ƙasa, wato gidan shayi da abinci, sun san yadda yake son nasa tun kafin ya zauna. Ni kuwa wata da watanni ina wucewa ta gabansu, ba na jin ko ɗaya zai iya siffanta fuskata.

Aikin gida ne ya haɗa mu. Wani ya gaya masa akwai mai karatun lissafi a ƙofar gaba, sai ya ƙwanƙwasa, ya roƙe ni in zo in duba masa wata tambaya da ta gagare shi. Na je, na zauna a gefen katifarsa na yi masa bayani. Da na miƙe zan tafi sai ya zura silifas.

"Bari in taka maka, Malam."

"Zuwa ina? Ga ƙofata can kana gani."

"Ko a bayan labule take. A gidanmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai. Babana zai ji a jikinsa daga Kano."

Haka ya rako ni muka ƙetare ɗan barandan, ya tsaya har na sa mukulli, ya ce in gaida gida. Na shiga ina murmushi ni kaɗai. Daga ranar ya zame masa al'ada. In zan tafi jami'a ya gan ni, sai ya taka mini zuwa lif. In ba shi da aji, har tashar jirgin ƙasa, yana ta zuba labari ni ina gyaɗa kai. Bai taɓa nuna shiruna ya dame shi ba.

Yana da wata tsohuwar ƙaramar mota ƙirar ƙasar, fara, wadda ya saya a hannun wani ɗalibi da ya gama. Ya cire kujerun baya da kafet da rediyo, ya bar kujeru biyu na gaba kawai. Rabin rayuwar motar a garejin wani makanike ɗan Sin take yi a unguwar Cheras. Da na tambaye shi dalilin wannan ɓarna, ya ce sai na gani da idona. A kudancin birni, kusa da babban filin jirgin sama, akwai filin tseren motoci. Wasu ranaku akan buɗe shi ga kowa: ka zo da motarka da hular kwano, a duba ta, a bar ka ka zagaya iya ƙarfinka. Ba tsere ake yi da kowa ba. Kowa da agogonsa yake fama.

Na bi shi ne a karo na farko don na rasa yadda zan ce a'a. Mun isa da safe. Garejoji a jere a buɗe, mutane na durƙushe suna duba tayoyi, ƙamshin fetur da roba mai zafi ya cika wurin. Akwai motocin da ban taɓa ganin irinsu ba sai a hoto, kuma ga tamu a tsakaninsu kamar akuya a cikin raƙuma. Shi ko a jikinsa. Ya gaisa da kowa, da Turanci da ɗan Malay ɗin da ya tsinta a shagon shayi, ana ta dariya.

Da zai fita sai ya tarar wayarsa ta cika, ba ta karɓar bidiyo.

"Malam, ara mini taka. Na san babu komai a ciki sai takardun karatu."

Gaskiya ya faɗa. Ya sa na sauke wata manhaja da 'yan filin ke amfani da ita. Tana bin sawun mota ta tauraron ɗan'adam, ta san inda layin farawa yake, duk lokacin da mota ta ƙetare shi sai ta rubuta tsawon zagayen. Tana kuma ɗaukar bidiyon hanya, ta ɗora gudun mota da ɗan taswirar filin a gefe. Ya manna wayar a gilashin gaba da wata roba, ya sa hula, ya tayar da inji. Ni kuma ban san lokacin da na sunkuya ta taga na ce masa, "To, Allah ya kiyaye hanya. A sauka lafiya."

Ya kashe motar don dariya.

"Malam, ina zan je? Nan zan dawo fa. Minti uku ka gan ni na wuce ta gabanka."

Duk da haka ya amsa da amin. Kuma tun daga ranar ba ya fita sai na faɗa. In na manta, sai ya tsaya a bakin gareji yana taka mai har in tuna.

A hanyar komawa gida na buɗe abin da wayar ta tara, kuma a nan ne abin ya kama ni. Ba gudun ne ya burge ni ba, jerin lambobin ne. Kowane zagaye da tsawonsa, kowace kwana da gudun da aka shiga da wanda aka fita. Na ga a wata kwana ɗaya yana taka birki da wuri a wani zagaye, a wani kuma ya makara, kuma ana iya auna abin da kowanne ya ci masa. Irin aikin da na sani ne. Kafin mu iso Wangsa Maju na gaya masa wurare biyu da yake zubar da lokaci. Ina jin wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi masa. Ya kalle ni ta gefen ido ya ce, "Ashe kana da baki, lah," da ɗan ƙarin nan da 'yan ƙasar ke liƙa wa ƙarshen magana.

Daga nan na zama mai kula da waya. Ba kowane wata muke zuwa ba, sai abin da hali ya yi, amma duk zuwa ina nan. Na koyi goge gilashin sosai kafin in manna robar, na kuma ɗaura wa wayar zare a madubi don ko ta saki kar ta faɗa ƙarƙashin birki. Rana a ƙasar nan ba ta wasa, wayar kan yi zafi ta kashe kanta a tsakiyar aiki, sai na riƙa lulluɓe bayanta da farin hankici, in ya shigo hutu kuma in kwantar da ita a kan robobin ruwa masu sanyi. Na kashe mata kira da saƙonni. Kuma da yake na lura taswirarta takan ɗan yi kuskure, sai in karɓi tasa wayar in tsaya a katangar da ke kallon layin farawa, ina danna agogo da hannu duk lokacin da ya wuce, don in gwada biyun. Ma'aikacin filin da ke duba motoci har ya saba da zarena. In ya leƙo ya gani sai ya ja shi da yatsa ya ce, "Boleh, boleh," wato ya yi.

Ana barin direba ya ɗauki fasinja ɗaya, in yana da hula da rufaffen takalmi. Tun zuwa na biyu ya fara.

"Malam, zo ka yi mini rakiya. Zagaye ɗaya."

"Nauyina zai ɓata maka lissafi."

"Wane nauyi? Kai da in jirgin ƙasa ya shigo tasha sai na riƙe maka riga?"

"Ko kaɗan ne, zai nuna a lambobi."

"Ni kullum ina taka maka. Har lif, har tasha, rana ko ruwa. Kai sau ɗaya ba za ka taka mini ba?"

Sai in yi murmushi in sunkuyar da kai kan wayar. Maganar nauyi gaskiya ce, amma ba ita ce duka ba. Ina tsoro. Kuma abin da ya fi tsoron ƙarfi shi ne kunya. Na taɓa ganin wani fasinja ya fito daga mota ya durƙusa a bakin kwata yana amai, abokansa suna ɗaukarsa a waya. Na riƙa hango kaina da ƙatuwar hula a kan siririn wuya, ina salati da ƙarfi a gaban sa'an ƙanena, in fito mutane suna kallo. Na gwammace in tsaya a katanga.

Da ya ga ba zan shiga ba, sai ya laƙaba wa wayata suna.

"Shi ke nan. Ango bai zo ba, ya turo wakili." Ya ɗan buga robar da yatsa. "Wakilin Malam, ka zauna da kyau. A gaya wa mai gida abin da aka gani."

Aikin tantance bidiyon a ɗakin karatu nake yi, a teburina na kusa da taga, bayan na gama abin da ya kawo ni. A can ba a ko tari da ƙarfi, don haka wayata kullum a kashe sautinta yake. Ban damu ba. Me zan ji, ban da kukan inji? Kuma ina da tsari. Duk fita, zagayen farko na ɗumama taya ne, na ƙarshe kuma na huce inji ne, ana yin su a hankali. Waɗannan biyun ba sa cikin lissafi, sai in ja yatsa in tsallake su. In yanko kwanonin da ke da matsala, in rage musu gudu, in tura masa da gajeren bayani: a nan ka jinkirta birki, a nan ka yi saurin komawa kan mai. Wani lokaci washegari yakan tambaye ni a lif, da wani irin kallo, "Malam, ka kalla duka?" In ce na kalla. Ya ce, "To me ka ce?" Sai in maimaita masa maganar birki. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla," ya kawo wani labarin.

Burinsa ɗaya ne, ya zagaya filin a ƙasa da minti uku. Ga manyan motoci wannan ba komai ba ne, ga tamu kuwa dutse ne. Da farko yana nesa. A hankali muka riƙa gutsura, nan kaɗan, can kaɗan, har ya rage abin da bai kai numfashi biyu ba. Ban san lokacin da burin ya zama nawa ba. Nakan kama kaina a tsakiyar karatu ina zana wata kwana a gefen takarda.

Sai ya gama makaranta. Ya so ya ƙara shekara ɗaya, amma mahaifinsa ya ce ya dawo, shago na jiransa. Ya gaya mini a shagon mamak, yana yaga roti, gurasarsu ta can, yana tsomawa a miya, kamar labarin wani yake bayarwa. Makaniken Cheras ya riga ya samo mai sayen motar. Saura zuwa filin sau ɗaya.

"Na ƙarshe ke nan, Malam. Wakili ya gaji. Ango zai zo ko kuwa?"

Na ce zan zo. Ya ajiye rotin ya kalle ni, ya ce in sake faɗa a gaban shaidu, ya kira mai shayi ya tsaya, shi kuwa bawan Allah bai san me ake ciki ba, yana ta dariya.

Da gaske nake. A cikin makon na hau jirgin ƙasa na je titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, na ratsa shagunan yadi har na samu mai sayar da takalma, na sayi kambas baƙi, na farko a rayuwata. Makaniken ya ara mini hula, ja ce, tana warin gumin wani. Na wanke cikinta na shanya a baranda. Sau biyu na kulle ɗaki na gwada ta a gaban madubi. Ranar kuma ban ci komai da safe ba sai ruwan shayi, saboda abin da na gani a bakin kwata.

Mun isa da wuri. Sararin sama fes, iska da ɗan sanyinta. Aka ɗaura mini ɗan kyallen fasinja a wuyan hannu. Ya buɗe mini ƙofar gefensa da kansa, ya rusuna kamar direban gidan sarauta.

"Bismillah, ranka ya daɗe."

Na tsaya da hula a hannu. Na duba sama, na duba tayoyin da ya sa sababbi a gaba. Na san inji ya fi ja da safe kafin kwalta ta yi zafi, kuma na san sabuwar taya ba ta daɗewa a kan ganiyarta. In akwai lokacin da zai karya minti ukun nan, yanzu ne.

"Ka fara naka tukuna," na ce. "Iskar nan ba za ta jira ba. In ka samu, sai in shiga hankali kwance."

"Malam, ko na samu wa zan nuna wa? Masu sayen shadda?"

"Mun sha wuya a kansa. Dubi tayar."

"Zagaye ɗaya ne fa."

"Shi ya sa. Ba zai gudu ba, muna da yini."

Ya tsaya riƙe da ƙofar. Sannan ya rufe ta a hankali, ya zagaya ya shiga nasa gefen. Na manna wayar, na ɗaura zare, na yi masa addu'ar hanya. Har yau ban iya rarrabe wa kaina nawa ne lissafi a cikin abin da na faɗa ba, nawa ne kuma tsoro. Duka biyun suna nan, kuma a bakina sun fito da murya ɗaya.

Fitar farko bai samu ba, wata mota ta tare shi a kwana. Ya shigo, muka rage iskar taya, na sanyaya wayar. Ta biyu ya kusa ƙwarai. Ya leƙo ta taga ya ce, "Yanzu fa?" Na nuna masa lambar, na ce sau ɗaya kawai, yana bakin ƙofa. Muka jira birki ya huce, muka sha ruwa, ya sake fita. Ina tsaye a katanga da wayarsa a hannu ɗaya, hula a ɗaya hammatar. Ya wuce na danna. Na bi kukan motar da kunne har ya ɓace a bayan filin, ya sake dawowa. Da ya ƙetare layi na duba, na ga biyu a farkon lambar. Da ƙyar ne, amma biyu ce. Na ɗaga hannu na yi ihu, ni da ba na ɗaga murya ko a kasuwa, har wani Bamalaye da ke kusa da ni ya dafa mini kafaɗa.

Ban lura da hadarin ba sai da iska ta ɗaga mini riga. Ta wajen filin jirgi ya taso, baƙi ƙirin, da sauri irin na ƙasar nan. Kafin motar ta gama zagayen huce inji ta shigo, an fara yayyafi. Kafin in ƙarasa gareji da gudu, ruwa ya tsuge kamar da bokiti. Ma'aikata suka ɗaga jar tuta, aka rufe hanya.

Mun jira. Kowa ya jira, ana tsaye a bakin garejoji ana kallon ruwa na gudu a kan kwalta. Muka yi sallar azahar a ɗan masallacin filin, muka dawo, bai tsagaita ba. Ya buɗe shinkafar da muka yo tapau, wato muka sayo a ƙunshe, da safe, ya tura mini rabi.

"Makan, Malam, ci abinci. Yunwa za ta kashe ka a banza."

Na nuna masa lambar a waya. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da cin abinci. Bai yi fushi ba. Ya ma yi ta tsokanar kambas ɗina, wai in ajiye shi na ɗaurin aure. Ruwan bai ɗauke ba har lokacinmu ya ƙare. Na kwance kyallen hannuna na sa a aljihu. A hanyar gida na zauna a kujerar da ya buɗe mini da safe, hula a kan cinyata, muna bin dogon layin motoci a hankali, abin share gilashi na kai da komo.

Ranar tafiyarsa na raka shi filin jirgi. Na ɗaukar masa jaka ɗaya, na tsaya har ya kai inda ba a barin mai rakiya ya wuce.

"Ka ga, na taka maka," na ce.

Ya rungume ni yana dariya. "Ka taka, Malam. Amma ba wannan ba ce." Ya juya ya ɗaga hannu. "Faɗa mana. Yau dai da gaske tafiya ce."

Na ce Allah ya kiyaye hanya, a sauka lafiya.

Bayan wasu makonni wayata ta cika. Wata rana da la'asar ina cikin jirgin ƙasa na layin Kelana Jaya ina dawowa daga jami'a, na ce bari in share tsofaffin bidiyon. Abin sauraro na kunnena, don na gama jin wata lacca. Na taɓa ɗaya daga cikin na farko-farko, ya buɗe daga ƙarshe, daidai zagayen huce inji. Injin ya yi laushi, sai na ji murya.

"To, wakili, ka ga wannan kwanar? Nan ce nake gaya maka. Ka ce wa Malam in ya shigo, a nan zai yi salati."

Na wuce tasharmu ban sani ba. Na sauka a ta gaba, na zauna a benci, na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ina zuwa wuraren da na saba tsallakewa. Yana nan a cikin kowanne. Da zarar ya sassauta gudu sai ya fara magana, kuma da ni yake yi. Wani wurin shirme ne: yana nuna mini jirgin sama da ke sauka, yana cewa ga wasu sun zo shan wuya. Wani wurin yana kwaikwayon muryata, "a nan ka jinkirta birki," yana dariya shi kaɗai. A wani ya ce ya faɗi jarrabawa ɗaya, bai gaya wa kowa ba, yana jin nauyin ya faɗa mini ido da ido, in na ji in yi masa magana. A wani kuma, na kusa da ƙarshe, ya ce, "Malam, ba na son shagon nan wallahi. Amma tsoho ya gaji. Kai da ka yi karatu, me ka gani?"

Sai na tuna tambayar lif. Ka kalla duka? To me ka ce? Shi a zatonsa ina ji. Yana faɗa wa wayata abin da bai iya faɗa a shagon shayi ba, washegari ya zo neman amsa, ni kuma in ba shi maganar birki. Ban san yadda ya fassara shiruna ba. Wataƙila ya ɗauka irin kunyata ce. Wataƙila ya ɗauka amsar ke nan.

Na kira shi washegari da rana, lokacin da na san gari ya waye a Kano. Yana shago, ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Na ji," na ce. "Maganganun cikin mota. Sai jiya na ji su. Wayar a kashe sautinta yake."

Ya fashe da dariya, har yana tari.

"Sai jiya? Kai, Malam! Ashe wakilin naka kurma ne. Ni kuwa ina cewa mutumin nan akwai zurfin ciki."

"Maganar shagon..."

"Ai ta wuce. Ga ni a ciki tsundum." Sai na ji yana ce wa wata mai saye, "Hajiya, wannan ba ta zuba, ki kai ta ko rafi ne. Malam, yi haƙuri, mutane sun taru. Zan kira ka."

Yakan kira, da sallah ko in wani abu ya faru. Ya yi aure, yana da 'ya. Ya ce yanzu motar gida yake ja, kuma matarsa na cewa ya cika tafiyar hawainiya. Muna gaisawa sosai, amma irin maganar da yake yi a zagayen huce inji bai sake yi mini ita ba, ni kuma ban san ta inda ake tambaya ba.

Ban share ko ɗaya ba. Na ƙarshen ne na fi komawa kansa. Lambar tana nan a saman hoton da biyu a farkonta, amma nakan ja yatsa in wuce ta. Injin ya lafa. Ana ganin sama ta fara duhu ta gefen hagu, shi bai ma kula ba.

"To, an samu. Hankalinka ya kwanta? Yanzu ba sauran dabara, ranka ya daɗe. Sa hularka, ga ni nan zuwa. Ba zan yi gudu ba, wallahi. A hankali za mu je, in nuna maka ko'ina."

Ɗigo na farko ya faɗo a gilashi, sai na biyu. Motar ta karya kwanar ƙarshe ta kama hanyar garejoji. Can gaba, a jikin katanga, ana hango wani siririn mutum da baƙin kambas, ya ɗaga jar hula da hannu biyu yana ƙoƙarin zura kansa a ciki. Daga nan ruwa ya rufe gilashin.